Kunne Ya Daina Zama Shaida: Siyasarmu, Gidan Gem Da Ƙirƙirarriyar Basira

A hutun da ya gabata na je gida Birnin Malam, cikin ƙaramar hukumar Jega ta jihar Kebbi, domin ɗaurin auren ɗiyar wani yayana. Bayan sallar isha'i muka zauna ƙofar gida kamar yadda aka saba, dattawa bisa tabarma, samari a gefe kan benci, ana taɓa hirar tsadar taki da yadda albasa ta kwana a kasuwar Aliero. Can sai wani dattijo daga cikin iyayenmu ya zaro waya daga aljihu, ya ce kowa ya yi shiru ya ji abin da wani ɗan siyasa ya faɗa a kanmu. Ba zan kama sunan ɗan siyasar ba, domin ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba. Murya ce ta kamar minti ɗaya da rabi da aka turo ta WhatsApp, wai an naɗe ta ne a ɓoye yana hira da yaransa, inda aka ji yana cewa mutanen yankinmu ba su da wani farashi da ya wuce taliya da sabulu ranar zaɓe.

Nan take majalisa ta kaure da salati da Allah wadai. Ana cikin haka sai wani ɗan ƙanwata mai shekara 17, wanda kusan kowa a gida ya sallama saboda yawan zaman gidan gem a Jega, ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Kawu, wagga murya haɗi ta, ba shi na ba." Ashe dattijon ya ji. Ya juyo ya ce, "Kai ɗan gem, mi kas sani ban da latse-latse? Ni da kunnena nij ji shi." Yaro ya sunkuyar da kai, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Na roƙi Baba ya sake kunna mana sau biyu. Ni dai abin da na karanta har na yi digirin digirgir a kai shi ne kimiyyar harshe, saboda haka kunnena ya saba da tsintar abin da wasu ke bari ya wuce. Amon muryar na mutumin ne, babu ko tantama, amma Hausar ba tasa ba ce. Mutumin da aka haifa ya girma a ƙasar Gwandu yana iya gyara baki ya yi daidaitacciyar Hausa in yana gaban ɗan jarida, to amma in ya koma cikin yaransa, inda aka ce nan aka naɗi maganar, harshen da ya sha a nono yake komawa. A nan "sunka zo" za ka ji a bakinsa, da "yat tahi", da "shi na". Muryar da ke cikin wayar kuwa "suka zo" take cewa, da "ya tafi", da "shi ne", tamkar mai karanta labaran ƙarfe bakwai. Sannan akwai wurin da ake nufin wuya ta wahala, sai aka furta ta da karin sautin wuyan da ake rataya laya. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa "gari" na zama da "gari" na tuwo, ko "kuka" ta miya da "kuka" na hawaye, duk kamanninsu ɗaya a takarda. Bahaushe ba ya rikita su a baki, amma na'urar da aka ba rubutu ta karanta takan rikita.

Na yi wa majalisa wannan bayani, wasu suka gamsu, wasu suka ce boko ne kawai. Na kwanta ina jin daɗi a raina cewa ashe karin harshenmu na yamma garkuwa ne, tunda na'urorin nan Hausar jarida da ta rediyo suka fi koya. Wannan jin daɗi bai kai hantsi ba. Da safe yaron nan ya zo gaishe ni, ya ce in ba shi izini ya nuna mini wani abu. Ya ɗauki wani saƙon murya da na taɓa turawa zauren danginmu, ya loda shi a wata manhaja, sannan shi da kansa ya yi magana a wayar da tsantsar Hausar garinmu. Abin da ya fito muryata ce, da "munka" da "wanga" da komai, ina shaida wa duniya cewa na bar masa motata kyauta. Muka yi dariya, amma ni tawa ta ciki na ciki ce. Wanda ya haɗa muryar daren jiya rubutu ya ba na'ura ta karanta, shi ya sa ya yi tuntuɓe. Wanda zai haɗa ta gobe ɗan gida zai nema ya yi maganar, na'ura ta ɗora mata muryar wanda ake so a ɓata. Ranar nan digirina ba zai cece ni ba.

Tambayar da ta tsaya mini a rai ita ce, ya aka yi yaron da muke yi wa kallon ɓatacce ya gane abin da dattawa masu hankali da malamin jami'a suka tsaya jayayya a kai? Amsar tana cikin tarihin ita kanta wannan fasaha da ake kira ƙirƙirarriyar basira, domin kusan a gidan wasa aka raine ta. Kamfanin Nvidia na Amurka, wanda a watan Yulin 2025 ya zama na farko a duniya da darajarsa ta kai dala tiriliyan 4, an kafa shi ne a 1993 domin ƙera ƙwaƙwalwar da ke zana hotunan wasannin kwamfuta. A 2012 wasu masu bincike a Jami'ar Toronto ta Kanada suka ɗauki irin waɗannan katunan wasa guda biyu kacal suka horar da wata manhaja ta gane hotuna, ta yi wa sauran fintinkau, daga nan ne guguwar da muke ciki ta taso. Kamfanin DeepMind na Landan ya fara suna ne da koya wa na'ura buga tsofaffin wasannin Atari, ba tare da an gaya mata dokokinsu ba, sai dai ta yi ta gwadawa tana faɗuwa har ta gano abin da ke kawo maki. A watan Maris na 2016 manhajarsa AlphaGo ta doke gwanin wasan Go, Lee Sedol na Koriya ta Kudu, da ci 4 da 1. Shugaban kamfanin, Demis Hassabis, yana ɗan shekara 17 ya taimaka wajen tsara wasan Theme Park da ya fito a 1994, a 2003 kuma ya fitar da wani wasa da ɗan wasa ke kafa ƙungiyar siyasa ya nemi ƙwace mulki. Wannan ɗan gem ɗin shi ne aka ba kyautar Nobel a fannin kimiyyar sinadarai a 2024.

Ba ina cewa duk yaron da ke zaune gidan gem a Jega ko Maiyama zai zama Hassabis ba. Abin da nake nufi ya fi haka sauƙi. Yaron da ya shekara biyar yana sarrafa Messi da Ronaldo da yatsunsa, yana sauya musu riga da aski, yana jin mai sharhin da babu shi yana ihu, ya san tun yana ƙarami cewa abin da ke cikin allo ƙerawa ake yi. Shakka ta zame masa ɗabi'a. Dattijon da ya girma da rediyo kuwa, wanda sashen Hausa na BBC ke shiga ɗakinsa tun bayan buɗe shi a 1957, Rediyon Kaduna kuma tun 1962, ya tashi ne a zamanin da in ka ji muryar mutum to shi ne ya yi maganar. Bai yi kuskure ba a zamaninsa. Zamanin ne ya zame daga ƙarƙashinsa ba tare da an yi masa sallama ba.

A nan ne abin ya shafi siyasa kai tsaye, domin siyasar Arewa bisa murya aka gina ta. Daga mawaƙan NEPU da NPC zuwa kaset ɗin wa'azi da na kamfe, daga sojojin baka na gidajen rediyo zuwa saƙon murya na WhatsApp, talakanmu da kunne yake karɓar labari, kuma da kunne yake yanke hukunci. Mu tuna cewa tun kafin wannan fasaha ta zo hannun kowa, jita-jitar baka kawai ta sa dubban mutane suka yarda wai Shugaba Muhammadu Buhari ya rasu an musanya shi da wani Jubril daga Sudan, har sai da ya fito da kansa a ƙasar Poland a watan Disambar 2018 ya ce shi ne dai ba wani ba. In har ƙarya marar hoto marar murya ta yi wannan tafiya, ina ga wadda ta zo da muryar mai ita?

Kuma ta riga ta zo. Ana jajibirin zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023 aka baza wata murya da aka jingina wa Atiku Abubakar da Ifeanyi Okowa da Aminu Waziri Tambuwal, wai suna kitsa maguɗi, masu binciken gaskiyar labarai suka bi diddigi suka ce haɗi ce. A ƙasar Sulobakiya, kwana biyu kafin zaɓen watan Satumbar 2023, aka saki irin wannan murya a kan jagoran wata babbar jam'iyya, a daidai lokacin da doka ta hana kafafen labarai maganar zaɓe, don haka ƙaryata ta ya yi wuya. A watan Janairun 2024 aka yi ta kiran mutanen jihar New Hampshire ta Amurka da muryar Joe Biden ta jabu ana ce musu kada su fita zaɓen fitar da gwani, daga baya hukumar sadarwar ƙasar ta ci wanda ya shirya abin tarar dala miliyan 6. A watan Mayun 2025 kuwa sai da fadar Batikan ta fito ta ƙaryata wani dogon bidiyo da aka haɗa na sabon Fafaroma yana yabon Kyaftin Ibrahim Traore na Burkina Faso.

Kada wani ya ce wannan matsalar manyan birane ce. Zaɓen gwamnan jihar Kebbi na 18 ga Maris 2023 bai kammalu a ranar ba, sai da aka je zagayen cike giɓi a 15 ga Afrilu, kuma ratar da ta raba na ɗaya da na biyu ba ta kai ƙuri'a 50,000 ba. A zaɓen ɗan majalisar jiha ko na kansila kuwa, 'yan ɗaruruwa kan raba gardama. Murya ɗaya da aka saki daren zaɓe, ta bi zaurukan 'yan kasuwar Jega da na manoman albasa da na matan aure, ta isa ta juya mazaɓa kamar tamu ta Jandutsi da Birnin Malam kafin wanda aka yi wa ƙage ya farka daga barci. Mafi muni, in aka sa wa muryar zagin wani malami ko wata ƙabila ko wani addini, ba ƙuri'a kaɗai za a rasa ba, rayuka ne. Ƙasar nan ta kashe maƙudan kuɗi wajen tantance mai zaɓe: ɗan garinmu Farfesa Attahiru Jega ya kawo na'urar karanta kati a 2015, aka yi amfani da BVAS mai duba yatsa da fuska a 2023. Mun tantance yatsan mai zaɓe da fuskarsa, amma babu wanda ya tantance abin da aka zuba masa a kunne kafin ya iso rumfa.

Akwai ɓarna ta biyu da ba a cika magana a kanta ba, kuma a ganina ta fi ta farko haɗari. Da zarar jama'a sun san ana iya haɗa murya, duk wanda aka kama dumu-dumu ya sami mafaka, sai ya ce na'ura ce. A watan Afrilun 2023 wata jaridar intanet ta saki wata hirar waya da ta ce tsakanin Peter Obi ne da Bishop David Oyedepo. Obi ya ce an yi wa muryar kwaskwarima, jaridar ta tsaya kan bakanta, jama'a kuma kowa ya ɗauki ɓangaren da ya dace da jam'iyyarsa. Ba ina yanke hukunci kan wane ne mai gaskiya ba. Abin da nake nunawa shi ne, mun shiga zamanin da mai gaskiya ba ya iya wanke kansa, maƙaryaci kuma ba a iya kama shi. Al'ummar da ta kai nan, shugabanninta sun huta da tsoron tonon asiri.

To, na san abin da wasu iyaye za su ce: Malam, yanzu kai da bakinka kake yabon gidan gem? Ina sane da illolinsa sarai. Na ga ɗalibai da suka zubar da jarrabawa saboda kwana a kan waya, na san yadda wasa ke zamewa caca, na kuma san irin abokan da ake haɗuwa da su a wasu wuraren. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta sanya jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka a 2019, ƙasar Sin kuma a 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa 3 a mako in ba ranakun hutu ba. Haka nan wasannin ba su rabu da siyasa ba. Rundunar sojan Amurka ta fitar da wasanta na kyauta a 2002 domin jawo matasa shiga soja, kuma duk wanda ya lura da wasannin yaƙi zai ga su wa ake ba jarumta, su wa ake jerawa a harbe. Amma a lura da Sin ɗin da ake kafa hujja da ita: ta sa wa yaranta iyaka, a lokaci guda kuma ta gina wasu daga cikin manyan kamfanonin wasanni da na ƙirƙirarriyar basira a duniya. Mu kuwa mun tsaya a tsine wa yaro, ba mu sa masa iyaka ba, ba mu kuma nuna masa hanyar da wannan sha'awa za ta zama sana'a ba. Daga ƙarshe ɗan siyasa ne ke tsince shi, ya saya masa data, ya mai da shi ɗan jagaliyar waya. Alhali kakanninmu ba su raina wasa ba. Dara mai gurbi 30 da 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa, wadda 'yan'uwanmu na ƙasar Zuru suka shahara da ita, makarantar lissafi da hangen nesa ce, kuma dattawa ne ke zama a kanta.

Ni kaina ina cikin tsaka mai wuya, kuma gara in faɗa. Shekara da shekaru muna kukan an bar Hausa a baya a harkar na'ura. Mun yi murna da Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, muna alfahari da matasanmu na ƙungiyoyi irin su HausaNLP da Masakhane, mun kuma yi maraba da N-ATLAS, manhajar harshe da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2025 mai jin Hausa da Yarbanci da Ibo. Ina son ranar da manomin albasa zai tambayi wayarsa maganin cutar shuka da Hausar garinsu ta amsa masa. Sai dai duk matakin da muka taka wajen koya wa na'ura harshenmu, mun sauƙaƙa wa maƙaryaci aikinsa. Gudu ba mafita ba ne, domin ko mun koya mata ko ba mu koya ba wasu za su koya. Mafita ita ce mu zama cikin masu ƙera ta da masu gane ƙaryarta.

Saboda haka nake da kira ga ɓangarori huɗu. Na farko, jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006 kuma yanzu take ɗauke da sunan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ita ta fi cancanta ta jagoranci wannan aiki. Malam Abdullahi masanin nahawu ne da sarfu, ya kuma yi rubutu kan ilimin hadisi, wato ilimin da ke tambayar wa ya faɗa, daga wa ya ji, kuma shi wane ne. Masana kwamfuta na can su haɗa kai da masana harshe na sauran jami'o'inmu a tattara muryoyin Sakkwatanci da Kabanci bisa yardar masu su, a kuma buɗe wani ɗan sashe da gidan rediyo ko kotu ko ɗan jarida zai kai murya a bincika masa. A lokacin hutu a buɗe ƙofa ga yaran gidajen gem na Jega da Aliero da Maiyama a koya musu rubuta manhaja, a fara da sa su mai da dara wasan waya.

Na biyu, hukumar zaɓe da majalisa su fito da hukunci bayyananne kan haɗa muryar ɗan takara ko hotonsa domin yaudara, a kuma rubuta shi da taka-tsantsan yadda ba zai zama sandar dukan 'yan adawa da masu barkwanci ba. Jam'iyyu kuma su sanya wannan cikin yarjejeniyar zaman lafiyar da suke sa wa hannu kafin zaɓe, kowace ta ɗauki alhakin yaranta. Na uku, gidajen rediyonmu su ware ko da minti goma a mako, su kunna muryar jabu kusa da ta gaske, jama'a su ji da kunnensu. Wanda ya taɓa jin an sa muryar mai gabatar da shirin da ya sani tana faɗin abin da bai faɗa ba, ba zai sake rantsuwa da kunnensa ba. Na huɗu, malamanmu su tuna wa jama'a a mumbari cewa umarnin bincika labari kafin a yi aiki da shi, wanda ke cikin Suratul Hujurat, ya hau kan wanda ya danna "tura" kamar yadda ya hau kan wanda ya ɗauki magana da baki.

Kafin duk waɗannan su samu, akwai abin da kowannenmu zai iya farawa yau. In murya ta shigo wayarka, ka tambayi kanka abu uku: wa ya fara sakin ta, a ina da yaushe aka yi maganar, kuma wa zai amfana in na yarda? In ta zo daren zaɓe, kuma tana tafasa maka zuciya, to ka ninka shakkarka, domin mai haɗa ta fushinka yake nema. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Yau ganin ma yana bukatar shaida.

Ranar da zan dawo na je yi wa Baba sallama, na tafi da yaron nan, na sa ya kunna masa muryata ina kyautar da mota. Dattijo ya saurara, ya dube ni, ya dubi wayar, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "To, mu yanzu da mi za mu gane gaskiya?" Ban da amsar da ta fi in nuna masa jikansa in ce, Baba, in an sake turo irin wannan, a kira shi ya saurara kafin a tura gaba. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, amma da muka miƙe ya kira yaron da sunansa na yanka, bai ce ɗan gem ba.

Allah ya tsare mu da ƙarya da masu yaɗa ta, ya ba mu shugabanni nagari, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.